Yaron da Karatu Ya Tsaya Masa: Yadda Za a Gano Inda Matsalar Take da Yadda Za a Taimaka Masa a Gida

A gidajen Hausawa na Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusiri a arewacin Kamaru, yaro ɗan shekara shida yana tashi ne tsakanin harsuna uku ko huɗu: Hausa a tsakar gida, Fulatanci ko Larabcin Shuwa a kasuwa, Larabcin Alƙur'ani a makarantar allo, sannan Faransanci daga ranar da ya shiga ajin SIL, wato aji ɗaya na firamare. Yawancin yara suna ɗaukar wannan kaya su wuce. Amma kowane aji ba ya rasa wanda zai gama CP (aji biyu), ya shiga CE1 (aji uku), bai iya haɗa harafi biyu ya fitar da gaɓa ba. Da yake an raba azuzuwan firamare shida zuwa mataki uku, kuma yaro yakan wuce daga SIL zuwa CP tare da 'yan ajinsa, sau da yawa iyaye ba sa farga sai shekara biyu ta tafi. Daga nan sai a fara ce masa daƙiƙi, ko a ce an yi masa baki.

Kafin ku ƙara masa lokacin karatu, kafin ku biya malamin da zai riƙa zuwa gida, ku fara gano wurin da abin ya tsinke. Yaro ba ya karatu sai yana ji sosai, yana gani sosai, yana da harshen da yake tunani da shi, kunnensa yana rarrabe sautukan da ke cikin kalma, sannan ya san wane harafi ne yake tsaya wa wane sauti. Wanda ya dinga maimaita wa yaro a, b, c alhali kunnensa ne ya toshe, ruwa yake zubawa a fasasshen tulu.

Mataki na farko: kunne, ido da lafiyar jiki

Ku samu ɗaki mai shiru. Ku tsaya bayan yaron, nisan tsawon hannu, yadda ba zai ga bakinku ba. Wani ya danne masa kunne ɗaya da yatsa. Ku fitar da numfashi tukuna, sannan ku raɗa kalmomi shida da ya sani, ɗaya bayan ɗaya: kaza, takalmi, biyar, ruwa, shinkafa, wata. Ya maimaita kowace. Ku sake da ɗaya kunnen da wasu kalmomi dabam. Idan bai kama ko rabinsu ba a kunne ɗaya, sai asibiti, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubutawa ORL a ƙofar ofishinsa. Wannan gwajin gida manuniya ce kawai, bai maye gurbin awo da na'ura ba.

Akwai yaran da ya kamata a kai su awon ji ko da sun ci gwajin raɗa: wanda kunnensa ya taɓa zubar da mugunya na makonni, wanda ya yi sanƙarau (yankinmu yana cikin ƙasashen da cutar take tashi daga hunturu zuwa bazara, kuma rashin ji yana cikin abin da take bari a baya), wanda zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga suma ko jijjiga, da wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da yake zuba, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza.

Ido kuma, ku zana siffofi ko haruffa a allo daidai girman waɗanda malami yake rubutawa a aji, ku ja da yaron baya kamar mita shida, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya faɗi abin da ya gani, sannan ɗayan. Yaron da yake ƙanƙance ido, yake manna littafi a fuska, ko yake kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon daga allon bango, tabarau yake nema. Ku kuma duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa: idan sun yi fari fat, a auna jininsa, don ƙarancin jini yana kashe natsuwa. Haka ma tafiya makaranta ba a sha ko kunu ba.

Mataki na biyu: harshen yaron kansa

Ku tuna baya. Yawancin yara suna fara gwalangwalantu da baki, ba-ba, ma-ma, kafin wata tara. Kalmar farko wajen shekara ɗaya. Haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, lokacin suna da kalmomi kamar hamsin. A shekara huɗu kuma baƙo yana fahimtar yawancin abin da suke faɗa. Idan yaro yana jin Hausa da Fulatanci a lokaci ɗaya, a haɗa kalmominsa na harsunan biyu a lissafa. Yawan harsuna ba ya jawo jinkirin magana, kuma cakuɗa su a jimla ɗaya ba ciwo ba ne. Yaron da ya makara ƙwarai wajen magana yana cikin waɗanda karatu yakan ba wahala daga baya, don haka shi ne za a fara taimakawa tun kafin ya shiga SIL.

Cire beli a wurin wanzami ba ya buɗe bakin yaro, yanke linzamin harshe a gida ma haka. Abin da suke jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Idan ana zaton linzami ya ɗaure harshe, likita ne zai duba. Mai i'ina kuma a bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa, kada a ƙarasa masa, kada a ce "yi a hankali", kada a bar yayye suna kwaikwayonsa.

Wasu iyayen, don son ɗansu ya ci gaba a makaranta, sukan daina yi masa Hausa su koma guntun Faransancin da suka tsinta. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yaron zai rasa cikakken harshen da zai gina tunani a kai. Ku yi masa Hausa mai yalwa. In ya ce "mota tafi", kada a ce ya yi kuskure, a mayar masa da ita cikakka: "E, jar motar ta tafi kasuwa." Da dare inna ko kaka ta yi masa tatsuniya, ta tsaya a tsakiya ta tambaye shi, "To, ɗan nan, me kake gani Gizo zai yi yanzu?" Washegari shi ya ba ƙaninsa labarin: wa ya fara, me ya faru, yaya ta ƙare. Kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa duk aiki ɗaya suke yi. Wayar hannu ba ta amsa wa yaro magana, saboda haka ba ta tsaya a madadin wannan ba.

Faransancin baki kuma a shigo da shi da abin da hannu zai taɓa: kalma biyar a mako, da kayan a gabansa, kowace da ɗan rakiyarta. A ce la tasse, le seau, la natte, kada a ce tasse kawai, don jinsin kalma a Faransanci bai bi na Hausa ba, tare ake haddace su.

Mataki na uku: karatu yake yi ko hadda?

A aji mai cunkoso malami yakan karanta, yara su amsa baki ɗaya. Yaro mai kaifin hadda zai iya rera shafi guda bai san harafi ɗaya a ciki ba. Ku gwada shi haka: ku rufe hoton shafin, ku nuna masa kalmomi daga ƙarshen layi kuna komowa farko. Sannan ku rubuta haruffa ashirin a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, ya faɗi sautin kowane. Sannan gaɓoɓi goma irin su la, mi, ro, su, fé. A ƙarshe kalmomi biyar da babu su a harsunan da ya sani, kamar lomi, rafu, mila, don ba yadda za a yi ya haddace su. Ku rubuta abin da ya ci da kwanan wata, ku ajiye takardar. Da ita za ku auna ci gaba. Inda ya fara tuntuɓe, nan za a soma, ko da yana CM1 (aji biyar).

Ku je wurin malamin allo ma ku tambaya: "Allah gafarta Malam, yaya yaron nan yake da babbaƙu da farfaru?" Idan yana tafiya daidai a allo, yana bambance ba da ta, yana haɗa baƙi da wasali, to da alama abin da ya tsaya masa baƙon harshe ne ko yadda aka koyar da shi. Idan kuwa can ma shekara ta zagayo bai fita babbaƙu ba, matsalar ta fi zurfi, kuma mataki na gaba shi ne wurin da za a daɗe.

Mataki na huɗu: wasan sauti da Hausa, ba takarda ba alƙalami

Yawancin yaran da karatu yake gagara, tushen abin yana nan: suna jin kalma a dunƙule, ba sa jin cewa guntaye ne aka jera. Wannan horon kunne ne, da harshen gida ake yin sa, kuma uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya yin sa tana tsince shinkafa. Abin da kunne ya koya da Hausa yana tafiya da shi cikin Faransanci.

A fara da tafa gaɓoɓi: ka-za tafi biyu, ta-bar-ma uku, ma-ka-ran-ta huɗu. A jera marafan kwalba, yaro ya tura ɗaya gaba a kan kowace gaɓa, daga hagu zuwa dama kullum, domin hannunsa ya saba da hanyar boko, wadda ta saɓa wa ta allo. In ya ci takwas cikin goma kwana uku a jere, a wuce zuwa haɗawa: ku ce "tu... ma... tir", shi ya ce tumatir. Sai cirewa: "Ce kujera. Yanzu faɗe ta ban da ku." Jera. Makaranta ban da ma, karanta. Mafita ban da ma, fita. Yaran da suka iya zaurance sun riga sun ƙware a wannan, don haka a bar yayye su koya masa.

Daga gaɓa sai a gangara zuwa sauti ɗaya, kuma nan ne wuya take. "Masara, mangwaro, madara, kaza: wace ce bare?" A ja sautin farko da tsawo, mmmasara, sssabulu, ya ji shi shi kaɗai. Sannan a raba gaɓa gida biyu: sa ta ƙunshi sss da a, marfi biyu. A yi amfani da sautukan da ake iya ja (m, s, l, r, f, n) kafin irin su b, d, k, t, waɗanda ba sa jawuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "ma" ko "mu" a wurin mmm. Yaron da aka koya wa haka, in ya ga m da i sai ya karanta "ma-i". Minti biyar a rana ya isa, na mako uku zuwa shida.

Mataki na biyar: harafi da haɗa shi

Faransanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kusan 36, kuma sauti ɗaya yana iya zuwa da rubutu iri-iri. Saboda haka jerin a, b, c ba shi ne tsarin koyarwa ba. A fara da wasula a, i, o, u, é, sannan l, m, r, s, f, harafi biyu a mako, ɗaya ma in ya yi nauyi. Kowane sabon harafi a bi da shi ta hanya huɗu a zama ɗaya: ya gan shi babba a kan guntun kwali, ya faɗi sautinsa, ya zana shi da yatsa a faranti mai rairayi yana faɗa, sannan ya rubuta shi da alli. A koya masa sautin harafi, a jinkirta sunansa. "Ef" da "el" ba sa taimakawa wajen haɗa fa da la.

Haɗawa kuma kada a yanke murya. A ajiye katin m a hagu, na a a dama, a matso da su sannu ana cewa mmmaaa da numfashi ɗaya. Da ya samu a, i, l, m, r da s sai a ba shi kalmomin gaske da aka gina da su kaɗai: ami, lama, mari, sali. Duk abin da za a ba shi ya karanta kada ya ƙunshi harafin da ba a koya masa ba, in ba haka ba zai koma cinke.

Akwai wuraren da kusan kowane ɗan Bahaushe yake faɗawa, kuma ba alamar wata cuta ba ce, bambancin harsuna ne. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, don haka pou da fou, port da fort, vin da bain duk ɗaya suke a kunnensa. A ɗauko madubi: p leɓe biyu a rufe sai su fashe, f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska tana fita, v kamar f ne amma in ya ɗora hannu a maƙogwaro zai ji rawa. Wasalin u na Faransanci ba shi ne namu ba, namu shi ake rubutawa ou; don fitar da nasu, ya ce iii, sannan ya tsuke leɓe ba tare da harshe ya motsa ba, ya gwada rue da roue. Wasulan hanci, an, on, in, ya ɗora yatsa a gefen hanci ya ji kaɗawa, kuma kada ya furta n ɗin. Sannan Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa yake cusa wasali ya ce "fuler" a wurin fleur, ya kuma rubuta shi haka. A sa masa marfi ɗaya ga kowane sauti, f, l, eu, r, ya ƙirga huɗu, ya ga babu wurin na biyar. A riƙa ɗaukar tarko ɗaya a mako, kunne tukuna: ku faɗi kalma, shi ya nuna katin da ya dace, kafin a nemi ya furta.

Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, balle ga yaron da yake rubutu daga dama a makarantar allo da safe, daga hagu a boko da hantsi. Kada a koyar da su mako ɗaya. A zaunar da b har ta kafu: sanda daga sama, sannan tumbi. Bayan mako biyu a kawo d: zagaye tukuna kamar za a yi a, sannan sanda. Rubutun haɗe da ake koyarwa a makarantunmu yana taimakawa, don a cikinsa siffofin biyu ba su yi kama ba. Bahago kuma a bar shi da hagunsa wajen rubutu, a karkata masa takardar kawai.

Zaman kullum minti ashirin ne, kwana biyar a mako: uku na bitar katunan da ya sani, huɗu na wasan sauti, biyar na sabon harafi da haɗawa, huɗu na shifta, huɗu na karanta jimloli. Wannan ya fi awa biyu ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa yake haura digiri 40, a mayar da zaman bayan magariba da fitilar sola. Idan iyaye ba su yi boko ba, yaya ko ɗan maƙwabta da ya gama CM2 (aji shida) zai iya riƙe ɓangaren haruffa, da sharaɗi ɗaya: ba duka, ba tsawa. In yaro ya yi kuskure, a ce "Sake duba harafin farko, ƙanena", a ba shi daƙiƙa biyar, in bai samu ba a faɗa masa ya maimaita. A rufe zama da abin da ya iya.

Mataki na shida: shifta

Jan biro a kan kowace kalma ba ya gaya wa kowa komai. Ku ɗauki littafin shiftarsa ku raba kurakuran gida uku. Idan ya rubuta fatte a wurin patte, ko ya tsallake gaɓa, kuskuren kunne ne, a koma mataki na huɗu da na biyar. Idan ya rubuta bato a wurin bateau, wannan labari ne mai daɗi: ya ji sautukan duka, abin da ya rage ya san cewa o tana zuwa a matsayin o, au ko eau. Idan kuma ya manta s ta jam'i ko nt ta aikatau, nahawu ne, ba a matsa masa a kai sai na farkon sun zauna.

Ga nau'i na biyu, kalma biyar a mako, 'yan gida ɗaya: bateau, gâteau, chapeau, rideau, couteau. Ya duba kalmar, ya faɗe ta, ya nuna wurin da tarkon yake, a rufe, ya rubuta daga ka, a buɗe ya gyara da kansa. A sake tambayarsa washegari, bayan kwana uku, bayan mako. Kwafar kalma sau ashirin ba ta zaunar da ita, don hannu ne yake aiki, kai yana wani wuri. Haruffan ƙarshe da ba a furtawa kuma a nemo su ta wurin danginsu: petit daga petite, grand daga grande, chat daga chaton. Ƙa'idoji kaɗan suna rage wahala mai yawa: c da g suna laushi a gaban e da i, s guda tsakanin wasula biyu z ce, shi ne bambancin poison da poisson, n tana zama m a gaban b da p, kamar a chambre.

Mataki na bakwai: sakin baki

Da ya fara haɗa kalmomi, a ba shi ɗan rubutu mai kalma 50 zuwa 80. Idan yana kuskure a fiye da kalma ɗaya cikin goma, ya yi masa tsauri, a sauka. Babba ya karanta masa sau ɗaya yana bin layi da yatsa, su karanta tare, sannan shi kaɗai sau uku cikin mako. A sa agogon waya minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a rubuta. Da kansa yake tsere, ba da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta ba. Bayan kowane karatu a tambaye shi da Hausa abin da ya fahimta, ya amsa da Hausa.

Makaranta, da lokacin neman ƙwararre

Ku je wurin malaminsa da takardar gwajin farko a hannu, ku yi magana ta girmamawa, ku roƙi abubuwan da ba sa cin kuɗi: a zaunar da shi a bencin gaba, kada a tashe shi ya karanta a gaban aji sai layin da aka ba shi tun jiya, a rage masa shifta zuwa rabi ko a ba shi ta cike gurbi, a riƙa tambayarsa da baki a darussan da ba na karatu ba. Batun bulala kuma, dokar tsarin ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta hana dukan ɗalibi a makaranta, kuma yaron da yake jiran saukar bulala ba ya iya riƙe sauti uku a kansa ya haɗa. Maimaita aji ba tare da an sauya hanyar koyarwa ba yakan mayar da yaro inda ya tsaya ne kawai.

Bayan mako shida ku sake gwajin nan na mataki na uku, haka ma bayan mako goma sha biyu. Yawancin yara za su motsa a fili. Idan kunne da ido lafiya, yana zuwa makaranta ba fashi, yana da wayo a magana da lissafin kai, an yi wata uku ana wannan aiki, amma har yanzu haruffa ba sa zama, yana cikin CE1 ko sama, musamman in akwai mai irin wannan a dangi, to a yi zaton disleksiya. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa sautin magana, yana bin jini, bai shafi basira ba, kuma babu ƙwaya ko allurar da take kawar da shi. Hanyar taimakonsa ita ce wadda aka bayyana a sama, sai dai a hankali, da yawan maimaici, na shekaru. Mai tabbatar da shi shi ne ƙwararren gyaran magana da karatu, wanda ake kira orthophoniste. Ba su da yawa, akasarinsu suna Yawunde da Duwala, don haka a fara da likitan yara a asibitin yanki na Garwa, Marwa ko Ngaundare, a nemi ya rubuta takardar turawa. Idan awo ya nuna rashin ji ko wata naƙasa, a kai takardar likita ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, domin dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya da tallafin karatu ga yara masu naƙasa. A tafi da littafin shiftarsa, da katin asibitinsa na tun haihuwa, da takardun gwajin nan uku masu kwanan wata.